Kalangun Baba Da Kwamfutar Da Ta Ƙi Magana

Masu karatu, sallama gare ku. Da yawanku kun turo kuna tambayar me ya sa har yau idan taya ta fashe a titi nake durƙushewa in toshe kunne. Yau zan gaya muku. Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Mastura, haifaffiyar Agege ce ni, kuma abin nan ya faru ne a ƙarshen Janairun 2002, lokacin ina budurwa, na gama sakandare ina koyon buga takardu a wani shago da ke Pen Cinema.

Babana, Malam Yari, makaɗin mahauta ne. Duk wani gidan fawa da ke babbar mayankar Oko-Oba yana da takensa, kuma Baba ne ya riƙe su a ka, tun daga waɗanda mahaifinsa ya zo da su daga Kano a jirgin ƙasa. Ba wanda ya koya a wajensa. Sai ga rawar hannu ta kama shi. Da farko shayi kawai yake zubarwa, daga baya ya zama idan ya ɗauki makaɗi zai yi kiɗa mai kyau na ɗan lokaci, sai hannun ya kuɓuce masa. Mun taɓa gwada ɗaukarsa a kaset. Da ya saurara ya ji wuraren da ya yi tuntuɓe, da kansa ya zaro zaren kaset ɗin ya tsinka.

"Ba za a tuna ni da wannan ba," ya ce.

A nan Mu'az ya shigo. Mu'az shi ne mai nemana, ɗan Zariya ne, siriri mai yawan shiru, yana aiki a wani kafe na intanet a Dopemu. Shi ya ce wa Baba akwai hanyar da za a ɗauki kiɗan a kwamfuta, a yanke inda hannu ya goce, a haɗa masu kyau wuri guda, ba wanda zai gane. Ya ce manhajar da ake wannan aiki da ita a manyan situdiyo tsada gare ta, ta sata kuma ba ya so, amma akwai wata da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta suka bar wa duniya kyauta. Burinsa idan ta yi, ya buɗe ɗan situdiyo a Agege, masu bege da masu waƙar biki su daina zuwa har Surulere.

Ranar da ya kawo kwamfutar, a baro aka turo ta. Tsohuwa ce 'yar tokumbo, wato gwanjon ƙasar waje, farinta ya koma ruwan ƙwai. Gidanmu irin na haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, muna da ciki da falo. Inna ta kwashe kwanukan tangaran ɗinta daga kan tebur, ta shimfiɗa tsohon zani, aka ɗora. Matan gidan suka cika ƙofa, har Iya Basira mai ɗakin ƙarshe ta bar miyarta a wuta ta zo kallo.

Wallahi na ɗauka a ranar za a gama.

Faifan da abokinsa Shitu ya ba shi na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wai Linux, ya yi rabin shiga ya tsaya, ashe ya karce. Aka samo wani. Wannan ya shiga, amma ya share duk abin da ke cikin kwamfutar, har da hotunan da Mu'az ya daɗe yana tarawa. Ya yi tagumi. Da ta tashi kuma sai ta nemi kalmar sirri. Mu'az ya buga, ba abin da ya fito a sikirin, ko ɗigo. Muka ce kibod ya mutu. Sai da ya je ya aro wani kibod ɗin, shi ma haka, sannan Shitu ya gaya masa yana dariya cewa haka take, ɓoye rubutun take yi, ka buga kawai ka danna.

Ita kanta manhajar kiɗan ta fi kowa rigima. Ka ce ta zauna, ta ce sai ka kawo mata wata. Ka kawo waccan, ita ma ta ce sai da wata. Na ce masa wannan ai neman aure ne, uba ya tura ka wajen baffa, baffa ya tura ka wajen kawu. Ya yi murmushi, amma idonsa ya yi ja. Kullum sai ya sauko da ƙananan fayiloli daga kafe a cikin disket, ya zo da su a aljihu, wani lokacin kafin ya sauka daga motar haya ta danfo disket ɗin ya lalace. Yana tura tambaya ga masu manhajar ta intanet, wani Bature ya amsa masa da layi ɗaya wanda ya fi tambayar wuya. Ni ce mai karanta Turancin da ya bugo a takarda, shi yana dannawa. Ga wuta, ana kawowa ana ɗaukewa.

Daga ƙarshe dai manhajar ta buɗe. Muka ga maɓallin ja na ɗauka, muka ga na kunnawa. Mu'az ya saka wani ɗan kiɗan gwaji da ya zo tare da ita. Layi yana tafiya a sikirin, alamar kiɗa na gudana. Sifika kuwa shiru, ko tari.

"Matsalar direba ce," in ji Mu'az.

Inna tana tankaɗe a bakin ƙofa ta ɗago. "Direba kuma? To ga Baban Sikiru nan yana jan danfo, a kira shi mana."

Har Baba sai da ya yi dariya ranar. Mu'az ya yi mata bayani a ladabce cewa wani ɗan rubutu ne da ke sa kwamfuta ta san katin sautin da ke cikinta. Ya canja direban, ya sake canjawa. Shiru dai.

Yanzu bari in gaya muku wanda nake tsoro. Baffa Balarabe, yayan Baba, dillalin shanu ne, shi ke biya mana haya tun da ciwon Baba ya tsananta, kuma shi ne waliyyina. Ba mugu ba ne, amma idan ya yanke magana ta yanku. Ranar Juma'a bayan masallaci ya shigo da farar shaddarsa mai aiki har ciki, ƙamshin turarensa ya riga shi. Ya tsaya yana kallon wayoyin da suka barbazu a kan ledar ɗakin.

"Yari, wannan tarkacen har yanzu yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Yaron yana ƙoƙari."

"Ƙoƙarin me? Na bincika. An ce min a kafe yake wuni. Ka san su waye ke wuni a kafe a garin nan? Masu rubuta wa Turawa wasiƙar ƙarya." Ya juyo kan Mu'az, wanda tuni ya durƙusa. "Kai, wa ya sayar maka da abin da ke cikin akwatin nan?"

"Ba saya ake yi ba, Baffa. Kyauta ne."

"Kyauta. A Legas." Ya gyara hularsa. "Jibi Lahadi bayan la'asar zan dawo. In na ji gangar ƙanena ta fito daga cikin akwatin nan, na yarda sana'a ce, ka turo manyanka. In ban ji ba, ka kira mai baro, kuma kada in sake ganin takalminka a ƙofar nan."

Ina bayan labule ina jin komai. Daren nan ban ci tuwo ba. Inna ta lura, ta ce, "Ki ci abinci, Baffanki ba dodo ba ne." Amma ita ma na ga ba ta cinye nata ba.

Ranar Lahadi tun hantsi Mu'az yake gaban kwamfutar. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, na ɗaura kallabi, na kawo masa ruwa da ƙosai, bai taɓa ba. Bayan azahar ya ture kujerar baya.

"Katin sautin ne ya mutu, Mastura. Ba wani bayani da ya rage. Shitu yana da wani a gidansu a Mafoluku, nan bayan Oshodi. In na hau okada zuwa titi na samu mota, kafin Baffa ya gama zama na dawo."

"Yau Lahadi, ka tabbata yana gida?"

"Yana nan." Ya zaro wayar salularsa, wadda ogansa ya ba shi saboda aiki, lokacin waya sai wane da wane. Ya ajiye min a gefen kibod. "Riƙe wannan. Zan riƙa turo miki saƙo da ta Shitu. Kada ki kashe kwamfutar, na bar kiɗan gwajin yana juyawa."

Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama ya fita.

Can wayar ta yi ƙara. "Na iso. Shitu ya fita siyo mai, ya bar wayarsa a gida, ina jiransa. Baffa ya zo?"

Na rubuta, "Bai zo ba. Ka yi sauri don Allah."

"Kina tsoro?"

"Sosai."

"Ni ma."

Na zauna ina kallon sikirin saboda ba abin yi. Mu'az ya bar wani baƙin shafi a buɗe mai ɗauke da wasu dogayen sanduna a tsaye na ƙara da rage sauti, kowace da sunanta a ƙasa. Mun sha ganin shafin, mun sha ɗaga sandunan har sama, ba abin da ya canja. Amma ranar, don zaman jira, sai idona ya tsaya a kan wasu haruffa biyu da ke jikin kowace sanda, M da M. Ban san ma'anarsu ba. Ina tsoron in ɓata abin da ya sha wahala a kai. Na ce bismillah, na danna harafin M a kibod.

Ƙarar da ta fito daga sifikar nan sai da Inna ta saki ludayi. Baba da ke kishingiɗe ya tashi zaune. Ashe tun farko ba abin da ya mutu. Manhajar da bakinta a rufe take zuwa, sai ka buɗe mata da kanka, kuma ba wanda ya gaya mana. Na rage ƙarar, na bi sauran sandunan ina buɗewa, na yi ta latse-latse a kan ta makirfo har na ga idan na yi magana layin yana tsalle.

Na ɗauki waya na rubuta. "Ta yi magana. Katin lafiyarsa ƙalau. Ka taho kawai." Na tura. Wayar ta ce saƙo ya tafi. Amsa ba ta zo ba.

Ana idar da la'asar Baffa ya yi sallama. Ya duba ɗakin. "Ina yaron?"

"Ya je karɓo wani abu, Baffa. Amma ta yi."

"Ke za ki tuƙa ta?"

"Zan gwada."

Inna ta sauko da kalangun daga ƙusa, ta goge shi da gefen zaninta. Baba ya rataya, ya matse shi a hammata, ya ɗan ja tsirkiyar yana saurare. Na kafa makirfo a kan kujera a gabansa, na danna jan maɓallin.

Taken gidansu ya fara, na kakansu. Ban taɓa ganin fuskar Baffa ta yi haka ba. Ya zauna a bakin gado a hankali, leɓensa na motsi yana bin kiɗan. Hannun Baba ya goce sau ɗaya, ya tsaya, na ce, "Ci gaba, Baba, za a yanke." Ya ci gaba. Da ya kai ƙarshe na tsayar, na mayar farko, na kunna. Kalangun Baba ya cika ɗakin, tas, ba shuu ɗin kaset. Baffa ya kalli sifikar, ya kalli ƙanensa, ya buɗe baki zai yi magana.

Sai ƙasa ta motsa.

Ban ji shi a matsayin ƙara ba da farko, a ƙirji na ji shi. Gilasan tagarmu suka zubo. Kwanukan Inna da ke kan kabad suka tarwatse a ƙasa. Fanka ta tsaya, sikirin ya yi baƙi. Kafin mu miƙe wani ya sake tashi, wanda ya fi na farko, ƙurar silin ta zubo mana a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Inna take ta maimaitawa, ta riƙe ni gam.

Tsakar gida ta rikice. Iya Basira ta fito da ɗaurin ƙirji tana kiran sunayen 'ya'yanta. Wani ya ce sojoji ne suka dawo, an yi juyin mulki. Wani ya ce a'a, faɗan ƙabilanci ne ya tashi, an shigo unguwar Hausawa. Tun rikicin Hausawa da Yarbawa na kasuwar Mile 12 kowa a cikinmu yake kwana da wannan tsoron, har Inna tana da ƙullin kaya a ƙarƙashin gado. Na leƙa waje, mutane na gudu ta ko'ina, wasu na yin gabas wasu na yin yamma, mai okada ya yar da babur ɗinsa a kwata. Can ta wajen Ikeja sama ta yi ja, hayaƙi ya tashi kamar dutse, kuma duk bayan ɗan lokaci sai wani ya sake fashewa.

Baffa ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa. "Ba mai fita. Wanda bai san abin da yake gudu ba, bai san inda zai nufa ba. Ku zauna a ƙasa, ku bar jikin taga."

Muka zauna a kan leda cikin fasassun tangaran. Baba yana rungume da kalangunsa, hannunsa na karkarwa fiye da kullum. Sai a lokacin na tuna ban adana kiɗan ba. Mu'az bai kai ga koya min yadda ake yi ba, don ba mu taɓa samun abin adanawa ba. Na ce, "Baba, kiɗan ya tafi da wutar."

"Bar shi ya tafi," ya ce. "Kira yaron nan."

Na kira lambar Shitu. Ba ta shiga. Na sake, na sake. Layi ya cushe, duk Legas kowa na neman nasa. Wani maƙwabcinmu mai rediyo ya leƙo ya ce ba juyin mulki ba ne, rumbun makaman barikin soja na Ikeja ne ya kama wuta, bama-bamai ne ke tashi da kansu suna faɗawa unguwanni. Mutane suka fara hamdala. Ni kuwa sai jikina ya yi sanyi, don na san Oshodi da Mafoluku a gindin barikin suke.

Ana kiran magariba, ladan na yi muryarsa na rawa, wayar ta yi ƙara a cinyata. Saƙo.

"Alhamdu lillah. Ke ce injiniyar ashe. Ki ce wa Baba ya ɗaure gangarsa, ga ni nan tafe."

Na saki ajiyar zuciya, har na fara karanta wa Inna. Sai na duba lokacin da aka turo shi. Tun kafin fashewar farko ne, yanzu ya samu hanyar isowa.

Ina riƙe da wayar ta fara ruri. Na danna, na kara a kunne. Hayaniya, kuka, ƙarar takalma. Muryar Shitu ce, da Yarbanci yake magana yana haki.

"Mastura? Mu'az ya iso wajenku?"

"Bai iso ba. Ba kuna tare ba?"

"Na raka shi bakin titi abin ya fara. Wani ƙarfe ya faɗo a gabanmu yana wuta. Muka ruga. Ya tsaya ɗaukar wata yarinya da ta faɗi, jama'a suka raba mu. Ni na yi ta hanyar filin jirgi. Shi na hango shi da yarinyar a kafaɗa, ya bi taron da suka yi Oke-Afa."

"Ina ne Oke-Afa? Shitu? Shitu?"

Layin ya yanke.

Na juya. Duk suna kallona. Baffa yana jin Yarbanci fiye da ni, kuma wayar tana da ƙara, ya ji komai. Na ga ya runtse ido.

"Baffa, ina ne Oke-Afa?"

Baba ne ya ce, "Yaya, gaya mata."

"Akwai ruwa a wajen," Baffa ya ce a hankali. "Babban magudani ne, mai zurfi. Ciyawa ta rufe samansa. Da rana ma sai ka ɗauka fili ne, balle yanzu da duhu ya fara."

Wani bam ɗin ya sake tashi, ragowar gilashin taga ya faɗo. Ba wanda ya ko motsa.

Baffa ya miƙe. Ya cire babbar rigarsa ya ninke ya ajiye a kan gado, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Ya ce wa Inna ta ba shi tocila. Ya cire agogonsa ya miƙa wa Baba. Sannan ya dube ni, kuma tunda nake da shi bai taɓa yi min magana da irin wannan muryar ba.

"Mastura, wace riga ce a jikinsa?"

"Shuɗiyar shadda ce, Baffa, mai ƙaramin aiki a wuya. Sabuwa ce. Ya ɗinka ta ne don ranar da manyansa za su zo wajenka, yau ya ce bari ya fara sawa."

Sai da na rufe baki na gane dalilin tambayar. Abin da zai gane shi da shi yake nema, ko da a cikin gawawwaki ne.

Baffa ya sa takalminsa ya fita tsakar gida. Na fizgi hijabin Inna daga kan ƙofa, na damƙe wayar, na bi bayansa. A bakin get ya juyo ya gan ni. Na jira ya ce in koma.

Ya daɗe yana kallona, jan hasken saman Ikeja na haska rabin fuskarsa.

"Riƙe gefen rigata," ya ce. "Ko me kika gani a hanya, kada ki saki."